Luther yana da injin ɗab'i, Shehu fa da me ya isar da saƙo?

 

Yau zancen malamai biyu zan yi, waɗanda addininsu daban, zamaninsu daban: Martin Luther na Jamus da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Kada wani ya ce na haɗa su a ma'auni ɗaya, a'a. Luther ya ƙare da ɓallewa daga cocin Katolika, Shehu kuwa bai kafa sabuwar mazhaba ba, kira ya yi a koma ga sunna cikin Malikiyyar da ya tarar. Abin da nake so mu duba guda ne: yaya maganar malami ɗaya take fita daga zaurensa har ta isa kunnen manomi da matar da ke daka a tsakar gida?

Mu fara da Turai. A 1415 an ƙona wani malamin Kirista mai suna Jan Hus da ransa, saboda sukar da yake wa manyan coci. Maganarsa ba ta yi nisa sosai da ƙasarsu ta Bohemiya ba. Bayan shekara ɗari da biyu, a 1517, Luther ya rubuta hujjoji 95 a garin Wittenberg yana sukar sayar da takardun yafiya. Wato ka biya kuɗi, a ba ka takardar cewa an sassauta maka azabar zunubi, kai ko mamacinka. Wani kaso na kuɗin nan Rum ake kai shi, don ginin babbar majami'ar Bitrus. Zamanin ne kuma Fafaroma ke ɗaukar manyan masu zane irin su Michelangelo aiki, kuma ƙawa irin wannan ba ta yiwuwa sai da dukiya. To talakan Jamus ya fara tambaya, gumina ne ke ƙawata Rum?

Me ya sa Hus ya ƙare a wuta, Luther kuwa ya girgiza Turai? Dalilai suna da yawa, har da sarkin yankinsa, Frederick, da ya ɓoye shi. Amma babban abin da ya shigo tsakaninsu shi ne injin ɗab'i, wanda Gutenberg ya haɗa a birnin Mainz wajen 1450. Hujjojin nan da Latinanci Luther ya rubuta su, harshen malamai. Sai masu maɗaba'a suka ɗauka, aka buga, aka juya su zuwa Jamusanci, cikin 'yan watanni sun zaga ƙasa. Da ya ga haka sai shi ma ya koma rubuta ƙananan littattafai da harshen kasuwa. Bayan Fafaroma ya kore shi a 1521, yana ɓoye a gidan sarauta na Wartburg ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci cikin kamar mako goma sha ɗaya. Aka buga a Satumban 1522, wajen kwafi 3,000, a Disamba har an sake bugu. Wanda bai iya karatu ba kuma ga hotuna, don abokinsa mai zane Lucas Cranach yana sassaƙa zane a katako ana bugawa tare da rubutun. Ga kuma waƙoƙin coci da Luther ya tsara da Jamusanci.

Injin nan bai san malamin addini ba, bai san masanin taurari ba. A 1543 aka buga littafin Copernicus a Nuremberg, mai cewa duniya ce ke zagaya rana, kuma wani malamin lissafi na jami'ar Wittenberg ɗin nan ne ya kai rubutun maɗaba'a.

To mu dawo gida, inda zancen ya fi min daɗi.

An haifi Shehu a 1754 a Maratta, ya fara wa'azi yana ɗan shekara ashirin a Ɗegel. Abin da yawancinmu ba mu cika tunawa ba shi ne, ƙasar Zamfara ta sha wa'azin nan tun kafin a san za a yi wata Sakkwato. Wajen ƙarshen shekarun 1780 Shehu da ƙanensa Abdullahi sun yi kamar shekara biyar suna yawon wa'azi a Zamfara, Abdullahi ne ma ya ba da labarin a littafinsa Tazyinul Waraƙat. Kuma ku dubi halin da ƙasar take ciki a lokacin. Gobirawa sun ci Birnin Zamfara tun shekarun 1760, sun kafa Alƙalawa a ƙasar Zamfarawa, can arewa da Shinkafi. Jama'a ce da aka karya mata sarauta, haraji ya yi mata nauyi. Irin wannan kunnen ba ya wuyar buɗewa.

Shehu ba shi da inji. Kowane littafi sai almajiri ya zauna ya fere alƙalami, ya dama tawada, ya kwafa shi harafi-harafi, ya kai wa malam a duba. Takardar ma ba tamu ba ce. In ka ɗaga tsofaffin littattafan malamanmu ga hasken rana, da yawa za ka ga tambarin jinjirin wata guda uku a jikin takardar. Daga Italiya ake yin ta, ta biyo Tarabulus, ta ratso Sahara bisa raƙuma. Ka ji ikon Allah, takardar Turai ta iso mu, injin bai iso ba. Kuma abin da ya sha wannan tafiya ba zai yi arha ba.

Sai Shehu ya raba aikin. Malamai ya rubuta musu da Larabci, littattafai sama da ɗari, irin su Ihya'us Sunna. Sauran jama'a kuwa ya yi musu wa'azi da Fulatanci da Hausa, ya kuma zuba karatun cikin waƙa. A ganina nan gwanintar take. Littafi sai mai karatu, sai mai kuɗin takarda. Waƙa kuwa in mutum ɗaya ya haddace ta ranar kasuwa, da yamma ta shiga ƙauye goma, ba jaki ba mangala. Ga ƙafiya da ma'auni suna tsare ta, in ka sauya kalma kunne zai gaya maka baiti ya karye. Farillan alwala, hukuncin tauye mudu, tsoron kabari, haƙƙin talaka a kan mai mulki, duk sun shiga baiti.

Kuma mata suna cikin masu saurare. A Zamfarar nan ne wani malami daga Barno, Mustafa Goni, ya soki Shehu kan barin mata suna zuwa wajen wa'azi tare da maza. Shehu ya sa Abdullahi ya ba shi amsa a waƙe, ma'anarta ita ce barin mata cikin jahilci ya fi wannan muni. Daga baya 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta mai da abin tsari. Ta naɗa jajis, dattawan mata masu malfa, suna zuwa wurinta su ɗauki waƙoƙi, su koma ƙauyuka su koya wa mata. Su ne 'Yan Taru.

Akwai bambanci ɗaya da bai kamata in tsallake ba. Luther littafin addininsu kansa ya juya zuwa Jamusanci, har aka riƙa ibada da shi. Su Shehu ba su taɓa lafazin Alƙur'ani ba. Salla da tilawa suna nan da Larabci, bayani ne ya koma harshen gida.

Sai dai magana in ta fita hannun mai ita, ba ta tsayawa inda ya so. A Jamus manoma sun ji ana zancen 'yancin Kirista, suka tashi kan masu ƙasa a 1524 zuwa 1525, aka kashe wajen mutum 100,000, Luther da kansa ya goyi bayan sarakuna a kansu. Daga baya aka yi yaƙin shekara talatin, 1618 zuwa 1648. Mu ma nan wa'azi ya kai ga hijira zuwa Gudu a 1804, aka gwabza a Tabkin Kwatto, Alƙalawa ta faɗi a 1808. Namoda, wanda Ƙaura ke ɗauke da sunansa, yana cikin jagororin yaƙin, shi da danginsa Alibawa masu sarautar Zurmi. Zamfarawa kuwa wasu sun bi, wasu sun juya baya da suka ga rundunar masu jihadi tana cinye musu abinci, aka koma faɗa da waɗanda jiya ake zaune wajen wa'azi tare. Abdullahi kansa ransa ya ɓaci da son duniyar da ya gani cikin jama'ar, har ya kama hanyar gabas a 1807, mutanen Kano suka tsai da shi.

Injin ɗab'in fa? Sai zamanin Turawa ya zauna a ƙasar Hausa. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Miller na Zariya ya daɗe a kansa, kuma wannan reshe ne na abin da Luther ya shuka shekara ɗari huɗu baya. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939. Tarjamar ma'anonin Alƙur'ani ta Sheikh Abubakar Gumi ta zo a 1979. Amma ku lura, ko da littafin ya samu, mu ta kunne muka ci gaba da ɗaukar karatu: tafsirin azumi a rediyon Kaduna, sai kaset, yanzu kuma ga yaran da ke tura wa'azi a memori a bakin kasuwa, naira kaɗan a cika maka waya. Ni kaina da nake wannan bayani, murya na fara ɗauka kafin a buga muku shi a rubuce.

Nan zan dakata. Wanda gidansu akwai tsohon littafi a gafaka, ya ɗaga warƙa ɗaya ga rana a hankali, in ya ga jinjirin watan nan uku ya turo mana hoto.