Mota mai taya shida a tafin hannu

A shekarar 1976 kamfanin tseren motoci na Tyrrell da ke Ingila ya shigo gasar Formula 1 da abin da ba a taɓa gani ba a filin: mota mai taya shida, manya biyu a baya, ƙanana huɗu a gaba. Sunanta P34, kuma injiniya Derek Gardner ne ya zana ta. A watan Yunin shekarar Jody Scheckter ya lashe tseren ƙasar Suwidin da ita, abokin tuƙinsa Patrick Depailler ya zo na biyu.

Kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a Japan ya fitar da ƙaramin samfurinta na roba a ma'aunin 1/20, wato kowane inci 20 na motar gaske ya koma inci ɗaya. Ana sayen ta a kwali, gutsi-gutsi, mutum ya yanke sassan da reza, ya goge da sanfefa, ya shafa fenti, sannan ya manna da gam. Yaran da suka tashi suna ƙera motar kara ko ta gwangwani sun san daɗin irin wannan aiki, sai dai a nan ba a yarda da kintace ba, komai da awonsa.

Haɗa injin Ford Cosworth DFV mai silinda takwas ba ya ba da wahala sosai. Gaban motar ne ke cin lokaci. Ƙarfen kowace taya ta gaba inci 10 ne a motar gaske, saboda haka a samfurin rabin inci ne kacal, sai da hantsaki ake riƙe shi. Yayin da mai haɗawa ke jera sandunan da ke isar da juyin sitiyari zuwa tayoyin huɗu, a nan yake gane dabarar Gardner. Babbar taya tana tare iska ta rage gudu, shi ya sa ya ƙanƙanta ta ta ɓuya a bayan hancin motar, ya kuma ninka yawanta don kada riƙon kwalta ya ragu. Har tagogi ƙanana aka huda a gefen mazaunin direba domin ya riƙa hango tayoyin. A ganina babu littafin da ke koyar da wannan kamar yatsun mutum.

A fenti ne da yawa ke ɓata aikinsu. Shuɗin motar yana son shafi siriri sau da dama, kowanne ya bushe kafin na gaba, kuma sitikar kamfanin Elf da ake mannawa a jikin motar sai an jiƙa ta a ruwa a zame ta a hankali.

Motar gasken ba ta daɗe ba. Kamfanin Goodyear bai ci gaba da inganta ƙananan tayoyin ba, ga su da saurin cinyewa, don haka Tyrrell ya jingine motar bayan kakar 1977, daga baya dokar gasar ta ƙayyade taya huɗu.