Babba Ba Yaro Ba Ne: Inda Bitocinmu Suke Kuskure

Shekarun baya aka gayyace ni in gudanar da bitar kwana uku ga shugabannin makarantun firamare a wata jiha. Na tafi da shirina a kwamfuta, shafi sittin cike da ka'idojin koyarwa. Ranar farko na yi ta zuba, su kuwa suna gyaɗa kai cikin ladabi. Ana dab da tashi sai wani dattijo, wanda a haife ya haife ni, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, Allah ya ƙara basira. Ni dai ina da aji mai yara fiye da ɗari, malami guda, allo ya tsage. Ta ina zan fara ranar Litinin?" Na duba shafukan nan kaf, babu amsarsa.

Kuskurena shi ne na ɗauki dattawa tamkar ɗalibaina 'yan shekarar farko a jami'a. Tun 1970 Malcolm Knowles, masanin ilimin manya ɗan Amurka, ya bayyana bambancin. Babba yana son sanin dalilin koyon abu kafin ya ba shi hankalinsa. Yana zuwa da gogewar shekaru, wadda in an raina ta, shi aka raina. Kuma ba don jarrabawar baɗi yake koyo ba, matsalar da ta hana shi barci jiya yake neman maganinta. A 1963, a garin Angicos na ƙasar Brazil, Paulo Freire da abokan aikinsa sun koya wa manya kimanin 300 karatu cikin 'yan makonni, ta hanyar ɗauko kalmomin darasi daga bakin mutanen da sana'arsu.

Abin da ke ba ni kunya shi ne, ba sai mun je Amurka ko Brazil ba. A karatun zaure, magidanci ne yake zaɓar malaminsa, ya ɗauko littafinsa, Ahalari ko Iziyya ko Risala, ya zo bayan asuba ko tsakanin magariba da isha'i, lokacin da kasuwa ba ta riƙe shi ba. A biya masa gwargwadon abin da zai iya ɗauka, ya tafi ya yi aiki da shi, gobe ya dawo da tambaya. Ba a ba shi kuɗin zama, amma ya shekara goma yana zuwa. Mu kuwa mun tara mutane a ɗakin taron otal, mun raba jaka da biro da ambulan, sannan mu auna nasara da yawan waɗanda suka sa hannu a takarda.

Mai shirya horo ya fara da tambayar mahalarta abin da ke damun su, tun kafin ya rubuta layi ɗaya. Ya rarraba darasin cikin makonni maimakon ɗura shi a kwana uku, domin tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna yawancin mantuwa a sa'o'in farko take aukuwa in ba a maimaita ba. Kada a kira manomi bita da damina. Sai batun kunya, wanda littattafan Turai ba su cika tsayawa a kansa ba: ƙaramin ma'aikaci ba zai ce bai gane ba a gaban daraktansa, daraktan ma ba zai yarda a ga kasawarsa ba. A raba su rukuni-rukuni, bakuna za su buɗe.

Kashegari na rufe kwamfutar, na ce kowane rukuni ya rubuta matsala ɗaya da ta fi ci masa tuwo a ƙwarya. Tambayar dattijon nan wata shugabar makaranta ce ta amsa ta, domin ta daɗe tana raba ajinta gida huɗu, manyan yara suna biya wa ƙanana. Ni da digirin digirgir ɗina na zauna ina rubuta abin da take faɗa.