Caja Ta Ƙi Ɗauka? Fara Duba Bango

 Ga abin da muka tattauna a shirin wannan mako.

Kafin yaƙin Afrilun 2023 ana ƙera raksha mai batiri a Bahri, tsadar fetur kuwa ta sa masu kai nono da kaya kasuwa suna sha'awarta. To amma sai mutum ya jona da dare, gari ya waye batiri wayam, cinikin ranar ya tafi. Nan take ya ce caja ta ƙone. Dakata tukuna, ɗan'uwa, kar ka yi saurin sayen sabuwa.

Fara da soket. Jona fanka ka gani. Kahrabar Sudan bolt 230 ce, amma in ta zo da rauni, ko janareto da infatar sola sun yi kaɗan, caja kan ƙi tashi alhali lafiyarta lau. Fulogin da ya yi baƙi ko yake warin roba, waya ce ta saki a ciki, a canja shi. Doguwar siririyar wayar nan da ake jawowa daga ɗaki zuwa zaure ma tana rage ƙarfi, tana zafi.

In fiyus ya ƙone, sa mai lamba irin tasa. Don Allah a daina ɗaure shi da waya, haka gobara ke tashi. In sabon ya sake ƙonewa, wayoyi sun haɗu a wani wuri, kira mai gyara.

Sai batiri, inda laifin ya fi ɓuya. Cire caja, ka goge farin garin da ke kan kawunansa, ka ɗaure su tamau. In batura biyar ne masu bolt 12 a jere, bolt 60 ke nan, ɗaya ya mutu sai ya ja sauran. A auna kowane daban da mita bayan ya huta: cikakke yana nuna kusan 12.6. Mai buƙatar ruwa a ba shi ruwan batiri, ba na rijiya ko na kogi ba.

Ƙurar habub kan toshe fankar caja, ta yi zafi ta kashe kanta. Kaɗe ta, ajiye ta a inuwa. Amma kar ka buɗe cikinta, tana riƙe wuta ko bayan an cire ta. In ta kama da wuta, kashe makunni, a watsa yashi, ban da ruwa.