Kafin a Ɗora wa Katin Sadarwa Laifi

Idan ma'aikacin banki ya ɗaga kai ya ce wa masu layi "babu netwok", galibi shi ma bai san inda matsalar take ba. Can a wani ɗaki mai sanyi akwai manyan kwamfutoci da ake kira saba, waɗanda ke riƙe da bayanan kowa, kuma kowace saba tana magana da sauran duniya ne ta wani ɗan faifan lantarki da ake cusa wa waya a baya, wato katin sadarwa. Da zarar saba ta yi shiru ko ta fara jan ƙafa, wannan kati ne ake fara zargi, har a kai ga kashe na'ura a zare shi a sa sabo. A ganina wannan gaggawa ita ce ke tsawaita wahala. Mafi yawan abin da ake kira lalacewar kati saɓani ne kawai tsakanin bakin waya na nan da bakin waya na can, kuma mai gyaran da ya duba ɓangare ɗaya ya bar ɗaya bai ga komai ba tukuna.

Tsarin da kusan duk katunan nan ke bi, mai suna Ethernet, ya samo asali ne a 1973 a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka, a hannun Robert Metcalfe da David Boggs. Tun daga lokacin, kati ba ya aiki shi kaɗai. A yau wayarsa tana zuwa ne ga wani akwati mai ramuka da yawa da masu aikin ke kira suwic, wanda ke raba saƙonni tsakanin kwamfutoci. Kafin saƙonni su riƙa wucewa lafiya, sai kati da suwic sun daidaita kan abubuwa da dama: gudun da za a yi, ko za a yi magana lokaci guda ko bi da bi, girman ƙunshin saƙo, da rukunin da saƙon yake ciki. Wasu daga ciki na'urorin kan sasanta da kansu, saura kuwa sai mutum ya rubuta da hannu a ɓangarorin biyu, kuma nan ne gizo ke saƙa.

Mu ɗauki tsohuwar cutar da ta fi kowace wahalar da masu gyara. A 1995, tare da Ethernet mai gudun megabit 100, aka shigo da hanyar da kati da suwic za su gaisa su zaɓi gudu mafi kyau da kansu. Sai wani ma'aikaci mai ganin ya ƙware ya kashe wannan gaisuwa a suwic, ya kafe ramin a kan 100, aikawa da karɓa lokaci guda, ya bar katin yana jiran gaisuwa. Katin zai gane gudun daga siginar da ke kan waya, amma da yake ba a gaya masa sauran ba, ƙa'ida ta ce ya koma bi da bi. Sai a wayi gari ɗaya na magana kamar a wayar hannu, ɗaya kuma kamar a oba-oba, yana yin shiru duk lokacin da ya ji motsin ɗan'uwansa. Fitilar kati tana ci, ɗan ƙaramin saƙon gwaji da ake kira ping yana dawowa lafiya lau, amma da an fara kwafar babban fayil sai komai ya tsaya cak. Ko an canza kati sau goma, muddin ba a taɓa saitin suwic ba, haka za a ci gaba.

Ita kanta wayar ba a cika ba ta muhimmancin da ya dace ba. A cikin kebul ɗin akwai siraran wayoyi 8, an murɗe su bibbiyu. Gudun megabit 100 na amfani da 4 ne kacal, amma gudun gigabit, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa a kan wayar tagulla a 1999, yana buƙatar dukkansu. Idan guda ɗaya daga cikin waɗanda gudun 100 ba ya buƙata ta tsinke a wurin da aka matse kan kebul, katuna da yawa ba sa kuka, sai su sauko 100 a ɓoye, saba ta koma kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinta ba wanda ya sani. Haka nan ƙa'idar ta iyakance tsawon kebul a mita 100, wanda ya zarce haka ya sayi matsala mai zuwa da tafiya.

Za a iya cewa wannan duk tarihi ne, na'urorin zamani suna sasanta kansu. Akwai gaskiya a ciki, domin gigabit a kan tagulla ya wajabta gaisuwar nan, cutar bi da bi ta ragu ƙwarai. Sai dai saɓanin ya koma wasu wurare ne da babu mai sasantawa. Ƙunshin saƙo na yau da kullum bayit 1500 ne, amma masu son sauri kan ɗaga shi zuwa 9000 tsakanin saba da ma'ajiyar bayanai. Idan aka ɗaga a kati aka manta da suwic guda ɗaya a kan hanya, ƙananan saƙonni za su wuce, manya kuwa a zubar da su ba sallama. Haka batun raba netwok gida-gida da lamba, abin da ake kira VLAN: kati ya liƙa wa saƙo lamba 20, ramin suwic kuma lamba 30 kaɗai ya sani, sai saba ta zama kurma alhali lafiyarta ƙalau.

Har dabarar da aka ƙirƙiro don kariya kan zama tarko. Ana haɗa ramuka biyu ko fiye su yi aiki kamar ɗaya, ta yadda in waya ɗaya ta mutu ɗayar ta ɗauki nauyi, kuma ƙa'idar LACP da ke tsara hakan ta fito tun shekarar 2000. Amma sai an kunna ta a saba da suwic duka. Sannan mutane da yawa na zaton wayoyi biyu na gigabit za su ninka saurin kwafar fayil ɗaya, alhali kowace hira tsakanin kwamfutoci biyu waya ɗaya take bi, ribar tana fitowa ne idan masu amfani sun yi yawa. Ga kuma wanda zai cusa wayoyin biyu a suwic ɗaya ya kwanta da murnar yana da kariya, ya manta cewa ranar da suwic ɗin ya ɗauke, duka biyun sun tafi tare. Haɗin da ba a taɓa zare masa waya ɗaya da gangan an ga abin da zai faru ba, fata ne kawai.

Ba ina cewa kati ba ya mutuwa ba ne. A ƙasashenmu ma yana da maƙiya fiye da na wasu wurare: ƙurar hunturu da ke toshe fanka, zafin bazara idan na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, da wutar da ke tsalle lokacin komawa janareta. Manhajar da ke tuƙa katin, wato direba, ita ma takan yi ɓarna. A 2008 wani kuskure a gwajin sabon tsarin kwamfuta na Linux ya lalata ƙwaƙwalwar wasu katunan Intel masu amfani da direban e1000e, har suka daina aiki. Amma kati yana ajiye lissafin abin da ya same shi, kuma karanta lissafin ba ya cin minti biyar. A Linux umarnin ethtool zai nuna gudun da aka tsaya a kai, da adadin saƙonnin da suka iso a gurɓace, da waɗanda aka zubar don rashin wurin ajiya. Gurɓatattun saƙonni na nuna waya ko rami, zubarwa na nuna saba ce ta kasa kwashewa da wuri, fitilar da ta ƙi ci bayan an gwada wata waya da wani rami kuwa ita ce ke nuna katin da kansa.

Hujja mafi ƙarfi da masu saurin canji ke kawowa ita ce lokaci: mutane na jira, shugaba na kira, gara a canza a huta. Amma canza kati yakan buƙaci kashe saba gaba ɗaya, kuma sabon yana zuwa da lambarsa ta daban, lambar MAC mai bit 48, wadda wataƙila an ɗaure adireshin saba ko izinin shiga ramin suwic a kanta. Wani lokacin ma sunan katin a cikin tsarin kwamfuta yakan canza, tsohon saiti ya rasa wanda zai hau. Idan kuma aka yi sa'a abu ya gyaru, ba mai iya rantsuwa cewa katin ne, domin a wajen canjin an zare waya an mayar, an kashe na'ura an kunna, an taɓa abu uku a lokaci guda. In kan kebul ne ya saki, zai sake saki ranar da wani ya ɗan ja wayar yana shara, alhali an riga an jefa katin da ba shi da laifi a kwali.