Ciwo ya warke, amma mutumin bai dawo ba: damuwar da ke bin raunin hannu

Da zarar kaka ta kama, daga Kwanar Ɗangora har ka dangana da dajin Falgore ba abin da kake ji sai ƙugin injin casar masara. A lokacin ne kuma muke yawan jin "inji ya kama hannun wane". Ko dai bel ya ja hannun riga, ko yaro ya zura hannu zai ciro totuwar da ta maƙale ba a kashe inji ba. Ga lauje wajen yankan shinkafa a Tudun Wada, ga injin ban ruwa na masu noman rani a gefen dam ɗin Tiga. Maganar kariya mun sha yin ta. Yau abin da ke biyo baya nake so mu duba, bayan an kwance bandeji.

Bara waccan, wani magidanci a ƙungiyar da nake bibiya a yankin Kiru ya rasa yatsu uku na hannun dama. Aka yi karo-karo aka kai shi Asibitin Ƙashi na Dala, aka yi aiki, ciwo ya warke sumul. Kowa ya koma harkarsa, har da ni. Sai da ya yi wata huɗu ba ya zuwa taro sannan na je gidansa. Ya ce mini ya daina cin abinci a kwano ɗaya da mutane, ba ya son a miƙo masa hannu a gaisa, kuma ko injin niƙan maƙota aka tayar, sai gabansa ya faɗi, gumi ya karyo masa. Matarsa ce kaɗai ta san ba ya barci.

Kun ga, a wurinmu hannu ba na aiki ba ne kawai. Da dama ake ci, da ita ake musabaha, da ita ake karɓa ake bayarwa. Hagu kuma ita ce ta tsarki. Duk wadda ta samu matsala, mutum zai koma neman taimako a abin da tun yana yaro yake yi wa kansa, har ɗaura tazuge. Ga tunanin wa zai riƙe fartanya da damina, ga bashin taki, ga kuɗin asibiti da ya cinye buhunan da aka ajiye. Sannan wani ya zo ya laƙaba masa "mai dungu" da sunan wasa. Wallahi wannan wasan yana yanka fiye da injin.

Abin da likitoci suka sani shi ne, firgici da mugun mafarki da rashin barci a makonnin farko ba abin mamaki ba ne, kuma ga yawancin mutane yana raguwa da kansa. Inda ake sa ido shi ne idan an haura wata ɗaya abin yana nan: haɗarin yana ta dawo masa kamar yanzu yake faruwa, yana kauce wa gona ko wurin casa, abu kaɗan ya harzuƙa. Haka nan idan ya yi mako 2 ko fiye ba ya jin daɗin komai, ba ci, ba hira, yana cewa shi ba shi da sauran amfani, wannan alamar ciwon damuwa ce. Cuta ce mai magani. Ba ragwanci ba ne, ba kuma rashin tawakkali ba.

Akwai wani abu da ke tsorata mutane ƙwarai: wanda aka yanke wa yatsa ko hannu ya riƙa jin zafi ko ƙaiƙayi a gaɓar da babu ita. Wasu sai su ce iska ce ko sammu. A'a. Jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ne ba su gama sabawa da rashin gaɓar ba, kuma yana samun da yawa daga waɗanda aka yi wa yanka. A faɗa wa likita. Kada a bar shi ya koma sayen tiramadol a kemis yana sha ba ƙa'ida, don nan wata sabuwar matsalar ke farawa.

To, me ƙungiya za ta yi? Ni dai a ganina, gudummawar ranar farko ita ce mai sauƙi. Mai wuyar ita ce ta wata na uku, lokacin da 'yan dubiya suka ɗauke ƙafa. A ware mutum biyu da yake sakin jiki da su, su riƙa leƙa shi duk mako. In ya fara magana a saurare shi, kada a tare shi da "ka yi haƙuri, ƙaddara ce" tun bai kai aya ba. Ya san ƙaddara ce, abin da yake nema mai jin ta bakinsa. A yi masa gayya a gonarsa, amma shi zai ce ga abin da za a shuka, ga inda za a fara. Mutuminmu na Kiru, awon hatsi da riƙe makullin sito muka ba shi, a hankali ya dawo cikin mutane. Injin kuwa ba mu matsa masa ba. Ya fara da tsayawa daga nesa, sai a kaka ta biyu ya iya matsowa kusa.

Zuwa gashin ƙashi ma kada a yi wasa da shi. Duk ranar da ya iya ɓalle maɓallin riga da kansa, zuciyarsa na ƙara kwanciya. Kuɗin mota zuwa Kano ne ke kayar da mutanen Doguwa da Bebeji, don haka a sa shi cikin lissafin asusun ƙungiya tun farko.

Idan kuwa ya fara cewa gara ma ya mutu, kada a ɗauka magana ce kawai. A kwashe maganin feshi da na ƙwari daga ɗakinsa a kulle, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi babban asibiti mafi kusa a ranar. Daga nan za su iya tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Wanda zai raka shi ya tafi da katin asibitinsa na farko da duk magungunan da yake sha.