Nvidia, AMD da Intel: abin da jita-jitar haɗewar kamfanoni ke nufi ga mai sayen kwamfuta a Petit Marché

Tun ranar 18 ga Satumba 2025, da kamfanin Nvidia ya sanar zai zuba dalar Amurka miliyar 5 a kamfanin Intel, magana ta bazu cewa manyan kamfanonin biyu na shirin zama ɗaya. A shagunan kwamfuta da ke kewayen Petit Marché, a tsakiyar Yamai, tambayar masu saye ba ta wuce biyu ba: kaya za su ƙara tsada ne, kuma na'urar da ake da ita a hannu za ta ci gaba da aiki?

Nvidia dai bai sayi Intel ba. Hannun jari ya saya, kimanin kashi 4 cikin 100. Sai dai kuɗin ba ƙanana ba ne: sun kai wajen miliyar 2,800 na sefa, kusan kasafin kuɗin Nijar na shekara guda. Kamfanonin sun kuma amince su ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta tare, wadda za ta haɗa sashen lissafi na Intel da sashen hoto na Nvidia.

Me ake kira katin hoto?

A cikin kowace kwamfuta akwai ƙwayar silikon da ke jagorantar aiki, wadda masu gyara ke kira furosesa. Intel da AMD ne suka mamaye wannan fanni. Akwai kuma wata ƙwayar da ke zana duk abin da ido ke gani a allo. Idan aikin rubutu ne ko shiga intanet, ƙaramin sashen hoto da ke manne da furosesa ya wadatar. Idan kuwa haɗa bidiyon aure ko na suna ne, ko zanen gini da AutoCAD, ko zanen allunan talla, ko wasanni, sai an nemi kati na daban mai ƙarfi. Shi ne ƴan kasuwa ke kira kart girafik.

Don haka batun ya shafi mutane da yawa a Yamai: masu ɗaukar hoto, masu buga takardu, ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni da na makarantar EMIG, da matasan da suka buɗe ɗakunan wasa a unguwanni. Ga yawancinsu, kwamfutar ita ce jarin.

Yadda kasuwar ta koma hannun kamfanoni uku

A shekarun 1990 kamfanonin katin hoto suna da yawa: 3dfx, S3, Matrox, ATI na ƙasar Kanada da aka kafa a 1985, da Nvidia da Jensen Huang ya kafa da abokansa biyu a 1993. A ƙarshen 2000 Nvidia ya sayi kadarorin 3dfx. Daga nan fage ya rage wa biyu: GeForce na Nvidia da Radeon na ATI.

A Yuli 2006, bayan an yi makonni ana raɗe-raɗi, AMD ya sanar da sayen ATI a kan dala miliyar 5.4. Cinikin ya jefa AMD cikin bashi, har ya rabu da masana'antunsa a 2009, kuma ya daina amfani da sunan ATI a 2010. Amma daga baya ya ci riba: ƙwayoyin AMD ne ke cikin PlayStation 4 da PlayStation 5 da Xbox na yanzu. Wato yaron da ke buga wasan ƙwallo a ɗakin wasa na Yantala ko Boukoki, kayan AMD yake amfani da su ko bai taɓa jin sunan ba.

Intel ya sake shigowa fagen katin hoto na daban a 2022 da samfurin Arc. Duk da haka, alƙaluman cibiyar Jon Peddie Research sun nuna cewa a 2025 fiye da kashi 90 cikin 100 na katunan kwamfutar tebur da aka fitar kasuwa na Nvidia ne.

Daga ina jita-jitar ta fito?

Daga raunin Intel. Kamfanin ya yi asarar dala miliyar 18.8 a 2024, shugabansa Pat Gelsinger ya sauka a Disamba, Lip-Bu Tan ya gaje shi a Maris 2025. A Satumba 2024 jaridar Wall Street Journal ta ruwaito cewa Qualcomm ya tuntuɓi Intel da batun saye. A Fabrairu 2025 aka ruwaito cewa Broadcom da TSMC na Taiwan na duba yiwuwar raba kamfanin gida biyu. Babu wanda ya tabbata. Abin da ya tabbata shi ne gwamnatin Amurka ta karɓi kusan kashi 10 cikin 100 na Intel a Agusta 2025, sannan kuɗin Nvidia suka biyo baya.

Haɗewar irin waɗannan kamfanoni ba ta zuwa da sauƙi, domin sai hukumomin hana babakere na Amurka, Turai da Sin sun sa hannu. A 2020 Nvidia ya so sayen kamfanin Arm na Ingila a kan dala miliyar 40, amma ya janye a Fabrairu 2022 saboda adawar hukumomi. Intel ma ya fasa sayen Tower Semiconductor a 2023, bayan ya gaza samun amincewar Sin.

Sai dai ko ba a haɗe ba, gasa na iya yin sanyi. Katin Arc B580 da Intel ya fitar a Disamba 2024 a kan dala 249 na cikin ƴan kaɗan da ke matsa wa Nvidia da AMD lamba a ɓangaren masu ƙaramin ƙarfi. Idan Intel ya dogara da fasahar Nvidia ya rage himma a kan Arc, masu saye za su rasa mai karya farashi.

Hankalin kamfanonin ya koma wani wuri

Abin da ya fi haɗewa tasiri shi ne ƙirƙirarriyar basira. A shekarar kuɗin da ta ƙare a Janairu 2025, Nvidia ya samu dala miliyar 130.5. Daga ciki, fiye da miliyar 115 sun fito ne daga manyan cibiyoyin ajiyar bayanai, yayin da katunan wasa suka kawo miliyar 11.4 kacal. A Oktoba 2025 ya zama kamfani na farko da darajarsa ta kai dala tiriliyan 5.

Nvidia da AMD ba su da masana'antun kansu. Galibi TSMC ke ƙera musu. Wurin ƙira yana da iyaka, kuma kowa ya fi son ya ba da shi ga ƙwayoyin da ake sayarwa dubban daloli. Katin RTX 5090 da ya fito a Janairu 2025 an sa masa dala 1,999, fiye da sefa miliyan ɗaya tun kafin kuɗin sufuri da na duwan. A ƙarshen 2025 kuma farashin ƙwayoyin ma'ajiya na Samsung, SK Hynix da Micron ya tashi, domin cibiyoyin bayanai na kwashe su.

Yadda abin ke isowa Yamai

Mafi yawan kwamfutocin da ake sayarwa a kewayen Petit Marché, Babbar Kasuwa da Katako okaziyo ne, waɗanda aka yi aiki da su a Turai, Amurka ko Dubai. Abin da ya faru a can sai ya yi shekaru kafin ya iso nan. Idan sabo ya yi tsada, mutanen can su riƙe tsohon da ke hannunsu, okaziyo ya yi ƙaranci. Idan sun zubar, kasuwa ta cika. An ga haka bayan Satumba 2022, lokacin da tsarin kuɗin intanet na Ethereum ya daina buƙatar katunan hoto: katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka watsu a kasuwannin duniya da araha.

Ga kuma matsalar hanya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyakar Nijar da Benin, kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanyar da ta fi tsawo da tsada. Sau da yawa wannan ya fi duk wata yarjejeniyar Kalifoniya tasiri a kan farashi.

Akwai ranaku biyu da ya kamata mai saye ya riƙe. A ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, sai ga waɗanda suka shiga tsarin ƙarin wa'adi. Windows 11 kuwa a hukumance yana buƙatar furosesan Intel na zuriya ta 8 zuwa sama, ko makamancinsa na AMD. A wannan watan ne kuma Nvidia ya rufe sabunta manhajar da ke tafiyar da katunan GTX 900 da GTX 10, irin su GTX 1050 da 1060, sai dai gyaran tsaro da zai ci gaba har Oktoba 2028. Waɗannan na'urori ba za su mutu ba, amma sabbin manhajoji za su riƙa barin su a baya. Su ne kuma ake sa ran za su fi kwararowa Afirka.

Abin dubawa kafin a biya

Sunan Nvidia ko AMD a jikin kwali bai isa shaida ba. An daɗe ana sauya wa tsofaffin katuna suna, a sayar da GTS 450 da sunan GTX 1050 Ti. Manhajar GPU-Z ta kyauta tana taimakawa wajen gano irin wannan. Araha ba ta ado. Ya kamata a kunna na'urar a gaban mai shago, a ba ta aiki mai nauyi na ƴan mintoci, a saurari fanka, a duba zafi. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, ga ƙurar hunturu, ga ɗaukewar wutar NIGELEC, katin da ke cin wat 120 kamar GTX 1060 ya fi sauƙin riƙewa a kan mai cin wat 575 kamar RTX 5090.

Wanda aikinsa rubutu ne da lissafi ba ya buƙatar kati na daban. Furosesa na zuriya ta 8 ko Ryzen na baya-bayan nan ya ishe shi. Mai haɗa bidiyo kuwa, gara ya tambayi shekarar da katin ya fito kafin ya tambayi kuɗinsa.