Man Cire Gashi: Ya Ci Gashi, Ya Ci Fata

A kasuwannin Gummi da Anka da Bukkuyum, har da ƙananan kantuna na Zugu, ana samun man cire gashi da 'yan kasuwa ke sarowa daga Gusau da Sakkwato da Kano. 'Yan matanmu suna saye domin hammata da ƙwauri, musamman in biki ya matso. Samari kuma suna sayen na hoda domin gemu, gama reza tana fito musu da ƙuraje. Wannan dalili ne mai kyau: gashinmu murɗaɗɗe ne, in an aske shi ƙwal sai tsininsa ya lanƙwasa ya koma cikin fata. Amma fa mutane da yawa suna shafa man nan ba su san aikinsa ba.

Wanda ya taɓa tsayawa wurin majema ya riga ya ga asirin. Kafin a kai fatar jar akuyar Sakkwato ga bagaruwa, sai an jiƙa ta cikin ruwan toka har gashin ya saki, sa'an nan a kankare. To, man cire gashi irin su Veet da Nair ɗan'uwan wannan ruwa ne. Akwai sinadari mai kaifi a cikinsa, da wani mai farar wuta wanda ke tsinka ƙarfin gashi har ya zama kamar kunu. Warin nan mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai daga nan yake. Abin lura shi ne, gashi da bayan fatar mutum da abu iri ɗaya aka gina su. Man ba shi da ido. Ya gama da gashi, sai ya juya kan fata. Akuyar majemi kuwa ta riga ta mutu, ba ta jin zafi.

Shi ya sa aka rubuta minti a jikin kwali, yawanci daga 3 zuwa 10. Kada a wuce. Sau da yawa muna ganin yarinya ta shafa, ta tafi ta hura wuta, ta ce in ya daɗe ya fi ci. Lalle ya fi ci. Raɗaɗi ya fara, wurin ya kumbura, wani lokaci har ya yi bororo kamar ƙunar ruwan zafi. Ga mai baƙar fata kuma, bayan ƙunar ta warke takan bar baƙin tabo na watanni, watau abin da aka so a gyara ya ƙara lalacewa.

Ƙasarmu ma tana ƙara wa abin nauyi. Da hunturu fata takan bushe ta tsattsage, man ya sami ƙofar shiga. Da bazara, cikin Maris da Afrilu, ga gumi ga ƙurajen zafi a hammata. Wadda ta fi kowa shiga hatsari ita ce mai shafa man bilicin, gama waɗansunsu suna sa fata ta yi siriri ƙwarai. Mu dai a ganinmu, irin wannan kada ta kusanci man cire gashi ko kaɗan. Haka kuma mai kyasbi, da mai rauni, da wanda ya yi aski jiya.

Uwargida, in 'yarki ta kawo shi gida, ki karɓa ki duba tare da ita. Akwai lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 domin kula da abinci da magunguna da kayan shafa? Kwanan watansa bai wuce ba? Wanda aka ɗura cikin kwalba marar suna, a bar wa mai shi. Sa'an nan a ɗiga kaɗan a ɗan wuri, a cika mintocin, a wanke, a jira awa 24. In ba ja, ba ƙaiƙayi, sai a yi amfani da shi. Na ƙafa ba na fuska ba ne, ba kuwa na al'aura ba. Mun san kunya takan hana uwa da 'ya irin wannan magana, har yarinya ta ɓoye ƙunar hammata kwana da kwanaki sai ta yi ruwa. Gara uwa ta fara buɗe baki.

In raɗaɗi ya taso, kada a tsaya ƙirga minti. A share man, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi mai tsabta kamar minti 20. Ban da sabulu, ban da turare, ban da toka ko gishiri ko man goge baki da ake ɗora wa ƙuna. Bayan nan a shafa Vaseline kaɗan, a sa riga mai sakewa, kada a fasa bororo. In ya shiga ido, ko fuska ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko wurin ya soma mugunya, a wanke a nufi babban asibitin Anka ko na Gummi, a tafi da kwalin domin likita ya ga abin da aka shafa.

Wanda fatarsa ta ƙi man, almakashi ya ishe shi rage gashi. In kuwa aski za a yi, a jiƙa wurin da ruwan ɗumi, a bi kwanciyar gashin, kuma kowa da rezarsa. A wurin wanzami ma a nemi sabuwa, domin ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini a bakin aska.